Birekar layin fadama: littafin aiki daga Fabrairu zuwa Yuli

Litinin, 12 ga Fabrairu, 2024

Yau Alhaji, mai injin shinkafa, ya amince a fara aikin koya wa birekar layin fadama, wato na'urar da ke yanke wuta in an sami matsala, mayar da kanta bayan ta faɗi. Daminar bara sau goma sha bakwai Baba maigadi yana tashina a waya, yawanci tsakar dare, kuma maganar ɗaya ce kullum: "Injiniya, wutar hwadama ta tahi." Sai in hau mashin daga cikin Sakkwato zuwa injin shinkafar da ke hanyar Wurno, in bi layi da tocila iyakar inda ƙafa za ta kai, ban ga komai ba, in dawo in danna koren maɓalli, wuta ta zauna daram kamar ba ita ba. Cikin goma sha bakwai ɗin nan sau uku kawai na tarar da ɓarna ta gaske: tangaran biyu masu riƙe waya a kan falwaya da suka tsage, da falwaya ɗaya da iska ta karkatar.

Ga yadda wurin yake. Wuta na shigo wa injin a kan kilobolt 33, Alhaji yana da taransifomarsa mai saukar da ita zuwa 11. Daga nan layi ɗaya ya fita, ya bi ƙarƙashin ƙasa a kebul wajen mita ɗari biyu har ya wuce inda manyan motoci ke juyawa, sannan ya hau falwaya ya yi kilomita bakwai zuwa bakin Gulbin Rima, inda ƙananan taransifoma huɗu ke ba famfunan ban ruwa, da rijiyar burtsatse, da gidajen ma'aikata. Birekar da ke kan wannan layi ita ce za a koya wa mayar da kanta. Duk abin da ke ɓangaren shigowa kafin mita na kamfanin rarraba wuta ne, hannuna ba zai kai can ba.

Dalilin da abin ke yiwuwa ba boyayye ba ne. Reshen dogon yaro ya taɓa waya, ko tsuntsu ya buɗe fiffike tsakanin waya biyu, ko tsawa ta sauka kusa, sai harshen wuta ya kama a cikin iska. Reshen ya riga ya koma, tsuntsun ya faɗi, amma harshen ba ya mutuwa muddin layi na ciyar da shi. Da an yanke wutar, ƙasa da rabin sakan iskar wurin ta huce ta koma yadda take. Tafiyar da nake yi ta minti arba'in, aikin ƙiftawar ido nake zuwa yi.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na so in sa ta gwada sau uku kafin ta haƙura, kamar irin na'urorin da ake ratayewa a kan falwaya, waɗanda aka ƙera don wannan aiki. Yau da na goge ƙurar hunturu daga farantin da ke jikin birekar, sai na ga ba haka za a yi ba. An rubuta O – 0.3 s – CO – 3 min – CO. Fassararsa: za ta iya faɗuwa, bayan kashi uku cikin goma na sakan ta koma ta sake faɗuwa nan take, amma daga nan sai an ba ta minti uku kafin a sake ɗora mata irin wannan nauyi.

Na buɗe gabanta na nuna wa Auta, yaron shagona, don ya gani da idonsa. Babban sifirin shi ke mayar da ita, kuma a cikin wannan bugun yake ɗana ƙaramin sifirin da zai kayar da ita. Da zarar babban ya saki, ƙaramar mota ta kama ƙara tana sake ɗana shi. Mun auna da agogon waya: sakan goma sha ɗaya. To ko da farantin bai hana ba, gwaji na biyu ba zai zo da wuri ba.

Gwaji ɗaya ke nan. In ta koma ta zauna, madalla. In ta sake faɗuwa, ta kulle kanta sai mutum ya zo.

Talata, 5 ga Maris

Tsohon rilen da ke fanel ɗin, wato na'urar da ke sa ido kan wutar layi tana ba bireka umarnin faɗuwa, abu biyu kawai ya iya: in wuta ta yi yawa ƙwarai ya kayar nan take, in ta ɗan yi yawa ya jira sannan ya kayar. A zanen waya su ne lamba 50 da 51, bireka kuma 52. Mai mayarwa, lamba 79, babu shi. Na kai wa Alhaji farashin sabon rile daga Legas, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, ba ka iya haɗa muna nan gida?" Na ce ranka shi daɗe, ana iyawa. Na sayo taima biyu da ƙananan rile huɗu.

Talata, 19 ga Maris

Azumi tara yau, rana ba ta aikatuwa, sai bayan asham muke buɗe fanel. Abin da ya faru daren jiya dole in rubuta shi duka, ko da yake ba ya ƙara mini daraja.

Da'irar da na zana ta farko mai sauƙi ce. A jikin bireka akwai ƙananan bakuna masu nuna halin da take ciki, ɗaya yana haɗewa in tana tsaye, ɗaya in ta faɗi. Na ɗauki na biyun na kai wa taima: da ta faɗi ya fara ƙirga, ya kai biyar ya aika wa koyil ɗin mayarwa. Mun jawo birekar waje zuwa matsayin gwaji, inda ba ta haɗe da wutar layi. Na haɗa bakin tsohon rile da guntun waya, ta faɗi, muka ƙirga tare, ta koma da ƙara, gam! Auta har da tafi. Muka maimaita sau huɗu.

Sai na ce ya kashe ta mu tattara kaya. Ya danna jan maɓalli, ta faɗi. Ya durƙusa zai ɗauko sukurdireban da ya gangara ƙarƙashinta, hannunsa na dab da ƙarafan da ke motsi. Ni kuma ina naɗe waya, sai na ji taima ya yi ƙas. Kafin in buɗe baki, gam! Yaron ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa. Ba abin da ya same shi, Allah ya kiyaye, amma mun daɗe ba wanda ya ce uffan.

Da'irar ba ta san dalilin faɗuwa ba. Ita dai ta ga bireka a kwance, sai ta tayar. Da a kan layi ne, mutum ya kashe da hannunsa ya aika yara su hau falwaya, bayan sakan biyar wuta ta bi su. Laifina ne ni kaɗai, kuma abin haushin, na san wannan tun ina yaron shago. Maigidana da ya koya mini aiki ya sha faɗa cewa umarnin mayarwa daga bakin rilen kariya yake fitowa, ba daga kwanciyar bireka ba. Gaggawa da son burge Alhaji suka rufe mini ido.

Na kwance wayoyin duka kafin sahur.

Alhamis, 21 ga Maris

Na zauna da takarda na jera lokutan da bai kamata ta koma ba, sai ga shi sun fi na komawar yawa nesa ba kusa ba. In mutum ne ya kashe. In mutum ne ya mayar da ita da hannu ta faɗi nan take, domin ke nan ɓarnar na nan. In sifirin bai ɗanu ba. In batir ya yi sanyi. In matsalar a cikin kebul ɗin ƙasa take, don kebul ba iska ba ne, in ya huje ya huje, sake sa masa wuta ƙara ƙona shi ne. In waya ce ta tsinke ta kwanta a ƙasa. In akwai masu aiki a kan layi.

Kowane ɗaya yana son nasa ƙaramin rile da nasa waya. Na ƙirga za su kai goma sha biyu, kowanne da bakin da ƙurar Sakkwato za ta iya toshewa. Na koma wurin Alhaji na ba shi labarin daren Litinin ba ragi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Araha ba ta ado. A sawo na Ikkon."

Litinin, 15 ga Afrilu

An sha sallah, rile ya iso. Kafin a ɗaura shi na auna batiran fanel, na gode Allah da na yi. Guda tara ne masu bolt goma sha biyu-biyu, a jere suna ba da wajen 110. Muddin caja na aiki komai lafiya. Da na cire caja na sa motar sifirin ta ja, mita ta zube zuwa 88. Biyu daga ciki sun kumbura kamar burodi.

Ba mamaki. Ɗakin rufin kwano ne, ma'aunin da na rataye ya nuna 49 da azahar, kuma irin wannan batir, duk ƙarin zafi na wajen digiri goma a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Haɗarin a nan yake: koyil ɗin mayarwa an ƙera shi ya yi aiki daga kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin batir, wato wajen bolt 94, na kayarwa kuma har ƙasa zuwa kashi 70. An yi haka da gangan, don kada bireka ta iya shiga wutar da ba za ta iya fita ba. Amma batirin da ke zubewa da zarar an ja shi ba ya bin lissafin kowa. An canza duka tara, an yi silin, an huda taga biyu an sa musu raga. Na kuma saita rile ya ƙi mayarwa in batir ya sauka ƙasa da 95.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ranar saiti. Lokacin shiru, wato tazarar da ke tsakanin faɗuwa da komawa, na bar shi sakan biyar. Iska ba ta bukatar ko ɗaya cikin goma na wannan, famfuna ne dalili. Motar famfo in an yanke mata wuta ba ta tsayawa nan take, tana ci gaba da juyi, kuma na ɗan lokaci ita ma tana fitar da tata wutar da ba ta tafiya daidai da ta layi. A mayar a wannan hali, karon da za su yi yana iya murɗe shaf ko ya ƙona naɗi. Sakan biyar ya isa kowace kwantakta, wato makunnin da ke haɗa famfo da layi, ta saki. Taimomin nan biyu da suka kusa jawo mini abin kunya sun sami aiki a can: an sa su a manyan famfuna biyu don kada su tashi lokaci guda.

Sai abin da na raɗa wa suna lokacin mantuwa. Bayan ta koma, rile yana riƙe da abin a ransa na wani lokaci. In ta sake faɗuwa kafin lokacin ya cika, sai ya ce ciwon ɗazu ne bai warke ba, ya kulle. In ya cika lafiya, ya shafe allo ya koma kamar ba a yi ba. Mutane da yawa suna sa sakan talatin ko ƙasa. Ni na sa 180, saboda minti ukun da ke kan faranti. Na san wannan zai jawo mini magana da damina.

Don tsinkakkiyar waya kuma, na zura wa kebul ɗin zoben awo guda ɗaya da ya rungumi wayoyin uku tare. In komai lafiya, abin da ya tafi shi ke dawowa, zoben ba ya ganin komai. In wani abu na zurarewa ƙasa, ko kaɗan ne, zai gani. Wannan na da muhimmanci a wurinmu fiye da kudu, don busasshen rairayi ba ya shan wuta sosai: waya tana iya kwanciya a kan tudu tana cin amfiya biyar ko goma, tsohon rile ko a jikinsa. Na sa amfiya uku, jiran sakan uku, kuma ba mayarwa ko sau ɗaya. Auta ya fara barin kitsattsiyar wayar atin ta kebul, wato wadda ake haɗawa da ƙasa, a wajen zobe. Na sa ya kwance ya dawo da ita ta ciki, in ba haka ba abin da ya zurare zai biyo rigar kebul ya soke kansa, zoben ya makance.

Ramin atin na taransifoma ma an tone shi, an ƙara sanda biyu, an zuba gawayi da gishiri, an bar bututun da Baba zai riƙa zuba ruwa duk Juma'a.

Litinin, 6 ga Mayu

Na aro na'urar gwaji daga wani abokin aiki a Kaduna. Kwana biyu muna ɗura wa rile wutar ƙarya muna kallon abin da zai yi. Ɓarna mai wucewa: faɗi, biyar, koma. Mai zama: faɗi, koma, faɗi, kulle. Wuta mai yawa irin ta kusa, kamar wadda ɓarnar kebul ke jawowa: kulle kai tsaye. Jan maɓalli: shiru, mun jira minti biyar cur, Auta na tsaye can bakin ƙofa.

Na gwada mai hana maimai ma. Na danne koren maɓalli ban saki ba, Auta ya aika umarnin kayarwa. Ta faɗi ta zauna. Ba don wannan ƙaramin rile da ke cikinta ba, da sai ta yi ta shiga tana fita kamar taɓarya a turmi har wani abu ya karye.

A gaban fanel an sa makunni mai mabuɗi, gefe ɗaya "mai mayarwa na aiki", ɗaya gefen "an hana", da Hausa, boko da ajami, don Baba ajami yake karantawa. Dokar ita ce duk wanda zai taɓa layi, mabuɗin na aljihunsa, kuma wannan bai ɗauke masa jawo bireka waje da ɗaure wayoyi da atin ba. Share kulle ma sai da wani mabuɗin daban, yana wurina da wurin manaja.

Abu ɗaya ya rage da bai kwanta mini ba. Gidajen ma'aikata suna da janareta, kuma wuƙar canjinsu irin ta kasuwa ce da wani ya taɓa yi wa gada da waya. In janareta ya tura wuta baya cikin layi, taransifoma za ta ɗaga ta zuwa kilobolt 11, bireka kuma ta koma a kanta ba tare da sun daidaita ba. Maganin gaskiya shi ne taransifomar awo a ɓangaren layi, rile ya tabbatar layin a mace yake kafin ya mayar. Tamu a ɓangaren shigowa take. A yanzu dai na cire wuƙar na sa mai sarƙa wadda ba ta yarda ɓangare biyu su haɗu.

Asabar, 18 ga Mayu

An kunna. Shamuwa sun iso tun makon jiya, biyu har sun fara ɗinki a kan tsamiyar bayan injin.

Talata, 28 ga Mayu

Daren jiya hadari ya taso daga gabas da jar ƙura, iska ta yi ta bugun taga. Na ajiye waya kusa da kunne ina jiran Baba. Har asuba ba kira. Da safe na je na buɗe tarihin rile: ƙarfe 2:14, waya biyu sun haɗu, amfiya 410, ta faɗi, ta koma, ta zauna. Na tambayi Baba ko ya lura. Ya ce, "Awo, na ji ta yi tari sau biyu, ƙwai ya ɗauke ya dawo. Na ce to, wagga ta koyi tashi da kanta, ni ko in koma kwanana."

Lahadi, 9 ga Yuni

Maganar da na yi tsammani ta zo. Cikin ruwan daren Juma'a ta faɗi ta koma, bayan sakan saba'in wani reshe ya sake bugawa, ta kulle. Na je cikin taɓo, ba ɓarna ko ɗaya. Alhaji ya ce, "To mi ak amfaninta in sai ka taho?" Na nuna masa tarihin: tun da aka kunna sau shida ta faɗi, biyar ta tashi da kanta. Ya ce a rage minti ukun. Na ce ranka shi daɗe, wanda ya ƙera ta ya rubuta uku, ni ba zan rubuta ɗaya ba, amma in ya ba ni mutum huɗu da adda da tsani, zan rage masa rassan. Wuraren uku ne ke jawo yawancin abin, duk dogon yaro ne da aka shuka a gefen hanya bayan an ja layin. An yi saran jiya, mabuɗi na aljihuna.

A falwaya ta talatin da ɗaya mun tarar da ƙadangare ya bushe a kan fis ɗin taransifoma. Ina zaton shi ya jawo faɗuwar ranar 2 ga wata.

Asabar, 22 ga Yuni

La'asar sakaliya, ba iska ba hadari, ta faɗi ba ta ko gwada komawa ba. Manaja ya kira ya ce mabuɗin share kulle na hannunsa, ya danna? Na ce ya karanta mini abin da ke kan gilashin. Zoben ƙasa ne, amfiya tara. Na ce ya sa mabuɗin a aljihu ya zauna a kansa.

Mun same ta a kilomita na biyar, kan tudun da ke kafin gangaren fadama. Haɗin waya ne ya saki, tsohon haɗi da aka yi da murɗi maimakon matsi, ɓangaren da ke zuwa daga injin ya kwanta a kan rairayi. Inda bakin wayar ya taɓa, rairayin ya narke ya dunƙule kamar fasasshiyar kwalba, tsawon ɗan yatsa. Burtali na ratsa wurin, sawun shanu sabo ne. Auta ya tsince dunƙulen ya sa a aljihu, yanzu yana kan teburin shago.

Mun gyara kafin magariba. Akwai irin wannan haɗi guda huɗu da na ƙirga a hanyar dawowa.

Lahadi, 7 ga Yuli

Haɗin murɗi uku an canza su da na matsi, na huɗun yana tsakiyar ruwa yanzu, sai ƙasa ta tsane. Lissafi daga 18 ga Mayu: faɗuwa goma sha ɗaya, tara ta koma da kanta, kulle biyu. Batir 122 a kan caja, 108 in motar sifirin na ja ba caja. Farashin taransifomar awo ya zo daga Kano, yana kan teburin Alhaji tun Laraba. Ya fara tambayata kuɗin irin na'urar kan falwaya mai gwaji uku, a sa ta a tsakiyar layi don ɓarnar bakin gulbi ta daina ɗauke wa burtsatse wuta. Na ce taransifomar awo tukuna. Gobe zan koma in ƙara ɗaure ragar tagar yamma, gara ta fara hawa katakon.